Mariƙi na Biyar

Tela ya ƙi karɓar mariƙin almakashi na biyar da 'yarsa ta zana masa, ranar Talata da ƙarfe uku da minti ashirin na yamma, a wani ƙaramin shago da ke hawa na biyu na ginin masu gyaran waya. Ya ce yana matse masa babban yatsa. Minti ashirin kafin nan, da wannan mariƙin ya yanka yadi ɗaya da rabi a tsaye, bai huta ba, bai kauce wa layi ba. Mutum ɗaya ce ta ga yankan, mai shagon.

Shekarunsa sittin da takwas, arba'in da shida daga ciki a kan keken ɗinki. Wata goma sha huɗu ke nan rabonsa da yanka. Amosanin gaɓɓai ya kama masa gindin babban yatsa na dama, gaɓar ta kumbura ta karkace, kuma zoben ƙarfen almakashi daidai kanta yake sauka. Yana iya awo, yana iya zane da alli, yana iya ɗinki. Yanka ne ya gagara. Tela da ba ya yanka kuwa, in ji shi, direban keke ne kawai.

'Yar tana aiki a wata masana'anta mai nisa, kwana biyu a mota ko awa biyar a jirgi. Aikinta zana abubuwan da ake riƙewa a hannu: mariƙin ƙofa, murfin kwalbar magani, abin aski. Tun tana 'yar shekara tara, ranar da ta kwance masa keke ta kasa mayarwa, yake kiranta Injiniya. Shekara huɗu da wata bakwai rabonta da gida.

Da safen Talatar, yana naɗe almakashin a cikin tsumma, matarsa ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki da tsintsiya a hannu.

"Yau ma gwaji?"

"Yau ma."

"Allah ya sa kada a ce wannan ma yana cizo. Hannun nan naka ya fi mai sabon ciki tsirfa. Ni dai na ga na ukun nan lafiyarsa ƙalau."

"Ke kika sa shi?"

"Ido na sa."

Ya ɗaure tsumman da wani zare, da hagu.

"Malam, ka kira yarinyar nan ka ce ta zo mana. Yatsa ne ya kumbura ko baki?"

"Mutum yana kan aikinsa, sai a ce ya taso don me?"

"Don kai."

"Ni aiki ne?"

"Babba ma kuwa," in ji ta, ta ci gaba da shara.

Dokar tasa ce, kuma kowa a gidan ya sani. Shi ya koya wa 'ya'yansa cewa ba a barin aiki a tafi gaisuwa. Ranar da Injiniya za ta tafi, a tasha, abin da ya ce mata ke nan: kada ki riƙa zarya, masu zarya ba sa yin nisa. Da aka yi wa uwarta aikin ido shekara biyu da suka wuce, ta ce za ta zo, shi ya karɓi wayar ya ce ba wani abu ba ne, ta zauna. Ta zauna. Duk cikin 'ya'yan ita ce ke jin magana.

Kafin zancen mariƙi, wayarsu ba ta wuce minti biyu. Ina wuni, lafiya lau, ya aiki, to ga mamanki. Sai wata rana uwar ta yi suɓul da baka ta ce ai babanki ya daina yanka. Bayan kwana uku Injiniya ta kira shi da bidiyo, ta ce ya ɗaga hannu a gaban waya. Ta ce za ta zana wani abu na roba da za a maƙala a zoben almakashin, ya ɗauke nauyin daga gaɓar ya raba shi a tafin hannu. Ba sai an aiko da komai ba. Zanen kawai za ta turo wa wata mai inji a garin, injin ya fitar da shi a wuni ɗaya.

Tun daga nan duk Lahadi sai ta kira, minti arba'in, wani lokaci awa guda. Juya hannun, Baba. Buɗe. Rufe. Sa tef daga nan zuwa nan. Ita tana kallon hannun tana rubutu, shi yana kallonta, tun da kanta a sunkuye yake ba za ta kama shi ba. A haka ya san ta fara sa tabarau. A haka ya san tagar ɗakinta na kallon bangon wani gini, kuma kofi ɗaya ne a kan kantar da ke bayanta, ko yaushe ɗaya.

Mariƙi na farko ya fito ƙarami, ko farce bai wuce ba. Laifin tef ne. Tef ɗin Tela ya rasa rabin incinsa na farko tun shekara ashirin, kuma ya saba cire rabin inci a kansa kafin ya faɗi awo. Ya cire ya faɗa mata. Ita kuma, da ta yi ƙuruciyarta tana riƙe masa bakin wannan tef ɗin, ta tuna, ta sake cirewa. Da suka gano, ta yi dariya har ta cire tabarau tana share ido. Rabonsa da jin wannan dariyar ya manta.

Na biyu ya tsage a gwajin farko. A ranar ne ta ce, tana ɗan murmushi, "Baba, in na uku ma bai yi ba, sai dai in zo in auna hannun nan da kaina."

Na uku ya kwana biyu a gida. Ya maƙala shi, ya buɗe almakashin a iska, ya rufe, ya sake buɗewa. Bai ji komai a gaɓar ba. Bai yarda ya sa shi a yadi ba. Ran Lahadi ya ce mata yana ɗan matse shi ta ciki. Ba ta zo ba. Na huɗu ta turo, wanda ya yi masa yawa da gaske. Maganar zuwa kuwa ba ta sake tayar da ita ba, shi ma bai tuna mata ba.

Ran Talatar, ƙarfe tara ya buɗe shagonsa a layin teloli. Akwai yadin wani malamin makaranta, ruwan toka, riga da wando, ana so ran Alhamis. Ya shimfiɗa shi a tebur, ya zana kafaɗa da hammata da wuya, allin na tafiya ba gargada. Sannan ya naɗe yadin ya tsallaka zuwa shagon da ke kallon nasa, wurin wani tela ɗan shekara arba'in da wani abu da duk layin ke kira Gaggawa. Wata goma sha huɗu shi ke yi masa yanka.

"Baba na kaina! An kawo wa likita mara lafiya?"

"An kawo wa mahauci dai. Ka bi min layi, don Allah."

"Ni da layi ai kamar jirgin ƙasa."

Gaggawa yana yanka yana amsa waya, wayar a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa. Tela ya tsaya a gefe, hannayensa a baya. A lanƙwasar hammata almakashin ya ci alli ya shiga ciki da faɗin ƙwayar shinkafa biyu.

"Ka shiga."

"Ina? Layinka na bi, Baba."

"Layin da ka bi na wani gari ne."

"Ɗinki zai cinye. Wa zai ɗaga wa malamin makaranta hammata ya duba?"

"Allo zai ɗaga masa. Duk wuni hannunsa a sama yake."

Gaggawa ya yi dariya ya miƙo masa gutsattsarin. "Ka ce wa Injiniya ta bar wahalar da roba, ta bugo maka sabon hannu gaba ɗaya. Ta bugo biyu, ni ma in samu na canji."

"Kai ba hannu ne matsalarka ba."

Ya koma shagonsa ya ɗinka wandon. Rigar ya ajiye ta gefe, ya daɗe yana kallon hammatar. Ƙarfe biyu ya rufe, ya ɗauki almakashinsa, ya hau bas. Tafiyar minti talatin da biyar ce. A hanya wata mata da ke kusa da shi ta tambaye shi ko abin da ke cikin tsumman wuƙa ce, ya ce ƙanwarta ce.

Shagon mai inji bai fi ɗakin kwana girma ba. Injina uku ne a jere a kan benci, kowanne kamar akwatin gilashi, da naɗin zaren roba a rataye a gefe. Zaren na shiga ta sama, ya bi ta wani baki mai zafi, ya fito siriri kamar gashi, bakin na kai da komo yana ɗora layi a kan layi. Wurin na ɗan warin roba mai ɗumi. A kan kanta akwai kayan mutane da ke jiran a zo ɗauka: haƙorin injin markaɗe, murfin batirin wata tsohuwar rediyo, ƙaramin samfurin kujera, kwalbar turare da ba a fara ƙera ta ba tukuna. Mai injin mace ce 'yar shekara talatin da ɗoriya, mai magana a taƙaice. Tana kiransa Baba, yana kiranta 'yar nan.

"Baba, sannu da hawa. Saura minti goma sha biyu."

"Bene dai ya ƙaru tun zuwana na baya."

"Kullum haka kake cewa."

Ya zauna a kujerar da ke kallon injin tsakiya. Tun zuwansa na farko ya gane abin, ya ce mata ai wannan keken ɗinki ne da ya yi boko: ga zare, ga allura, ga ƙafa, sai dai shi ba ya ɗinka yadi, kansa yake ɗinkawa. Abin da bai daina ba shi mamaki ba shi ne rashin gutsattsari. Shi duk rayuwarsa daga babba yake cire ƙarami, ya share saura. Wannan daga babu yake farawa, kuma in ya gama ba abin sharewa. Injiniya ta taɓa gaya masa cewa a wurinsu akwai wanda ke yin haka da garin ƙarfe da haske, ya fitar da abin da ba maƙerin da zai iya shiga cikinsa da guduma. Ya ce to maƙera sun shiga uku. Ta ce a'a, Baba, su ne suka fi kowa saurin koyo.

Bakin injin ya tsaya, ya ɗaga, ya koma gefe. Mai inji ta ɓamɓare abin daga farantin, ta sa filaya ta cire ƙananan ginshiƙan da suka tallafe shi, ta goge bakin da takardar yashi. Baƙi ne wannan karon, mai ɗan laushi, da wani reshe da ke kwanciya a tafin hannu. Ta karɓi almakashin ta maƙala shi a zoben. Ya shiga da ƙaramar ƙara.

Sai ta janye allon rubutun kwamfuta daga tebur, ta buɗe durowa, ta fito da farin yadi ta shimfiɗa. An riga an ja masa layi da biro daga wannan baki zuwa wancan.

"Wannan fa?"

"Umarni ne. 'Yarka ta ce wannan karon a kan yadi za ka gwada, kuma a gabana."

"Ita ta ce?"

"Har yadin ita ta ce in saya."

Ya miƙe. Ya zura yatsan. Ya ɗora ƙasan almakashin a kan tebur yadda ake yi, ya kama bakin yadin da hagu, ya buɗe. Ƙarfen ya shiga. Ƙarar da babban almakashi ke yi a kan teburin katako ta cika ɗakin, mai kauri, a jere, ta danne ƙugin injinan. A tsakiya ya daina buɗewa da rufewa, ya bar bakin a ɗan buɗe ya tura, yadin ya rabu da kansa har ƙarshe. Ya tsaya. Layin biron ya rabu biyu, rabi a wannan gefe, rabi a wancan.

Ya ɗauki kamar minti guda bai cire hannun ba. Mai inji ta juya tana gyara naɗin zaren da ba abin da ya same shi.

"Yana ɗan matse ni," in ji shi.

"To."

"Ta nan gefen."

"Baba, zo ka ga wani abu."

Ta juyo masa fuskar kwamfuta. Ga mariƙin a ciki, shuɗi, yana juyawa a hankali.

"Wannan na uku ne. Ka gan shi? Bari in ɗora na yau a kansa, da ja. Duk inda suka bambanta, jan zai leƙo."

Ta danna. Ta juya hoton sama, ta juya shi ƙasa, ta shiga cikin zoben. Ba inda ja ya leƙo, ba inda shuɗi ya leƙo.

"Ban gane ba."

"Abu ɗaya ne. Ko kaurin gashi ba ta canza ba. Suna ta canza, ta ce in buga da baƙi maimakon ruwan ƙasa. Da na buɗe jiya na zaci kuskure ta yi wajen turowa, na tambaye ta. Ta ce ba kuskure ba ne."

Tela ya koma ya zauna. Ya ɗora almakashin a cinya.

"Tun da na fara, bari in ƙarasa," in ji mai inji. "Akwai wani wuri bayan babban asibiti, suna da na'urar ɗaukar siffa. Ka ɗora hannu, haske ya zagaya shi, minti uku, duk wani lungu na hannunka ya shiga kwamfuta. Ba tef, ba ɗaga min in gani. Tun a na biyu na ba ta shawara. Ta ce ta san wurin, a bari tukuna."

"A bari tukuna."

"Haka ta ce. Ni dai bugawa ce tawa. Amma wannan aikin, a ƙa'ida, sati biyu ne. Yau wata biyar."

"Kin gaji da mu."

"Ban gaji ba. Kai kaɗai ne ke zuwa nan ka gaida inji."

Ya kalli hoton da ke juyawa. Abin da ya kasa rabewa shi ne ko tarko ta ɗana masa, ko kuwa hanya ta bar masa a buɗe. In ya ce ya yi, ya amsa da bakinsa cewa na uku ma ya yi, ya yi wa 'yarsa ƙarya wata biyu, kuma Lahadi za ta koma minti biyu. In ya ce bai yi ba, gobe yadin wani zai sake tsallaka layi zuwa wurin Gaggawa.

Ƙarfe uku da minti goma sha takwas wayarsa ta yi ƙara. Mai inji ta karɓa ta jingina masa ita da wani naɗin zare, ta koma can ƙarshen benci.

Injiniya na tsaye a wani dogon baranda mai farin haske, da rigar aiki, tabaran kariya a goshi. Ana jin ƙugin injina a bayanta.

"Baba, ina wuni. Minti goma gare ni. Ya hannu?"

"Hannu ya gode. Ya aiki?"

"Lafiya lau. An gwada?"

"An gwada."

"A kan yadi?"

"A kan yadi."

"To?"

Ya kalli yadin da ke kan tebur, gida biyu. Daga inda wayar take ba a ganinsa.

"Yana ɗan matse ni."

Wani ya wuce ta bayanta yana tura amalanke.

"A ina?"

Ya ɗaga hannun ya nuna bayan gaɓar.

"Wancan karon ta ciki ka ce."

"Ya koma nan."

"Ciwon ne ke yawo ko robar?"

"Ke ce injiniya."

Ta yi gajeriyar dariya ta hanci. "Matso da shi in gani."

Ya matso da hannun. Ba ta sunkuyar da kai ba, ba ta ɗauko biro ba. Hannun na gaban wayar, amma ba shi take kallo ba.

"Ka rame, Baba."

"Waya ce. Ke ma ta rage ki."

"Mama ta ce ba ka cin abincin rana."

"Mamanki gidan rediyo ce."

"Baba." Ta sauke tabaran daga goshi ta riƙe a hannu. "Akwai abin da kake so in yi?"

A ƙarshen benci mai inji ta daina goge abin da take gogewa. Tela ya buɗe baki. Ya gyara zaman hularsa da hagu.

"Aikinki nake so ki yi da kyau," in ji shi.

"To."

"Kada a ce an ba ki abu kin kasa."

"Na ji."

Wata murya ta kira ta daga nesa, ta juya ta ɗaga yatsa ɗaya, ta juyo.

"Zan duba, Baba. Ka gaida Mama."

"Za ta ji. Allah ya yi albarka."

Fuskar wayar ta yi duhu. Kiran ya ɗauki minti huɗu da daƙiƙa hamsin.

"Baba, da ka faɗa mata kawai," in ji mai inji.

"Na faɗa. Na ce yana matse ni."

Ta zo ta tsaya kusa da tebur tana naɗe wayar caji a yatsa.

"To ka tafi da shi mana. Ka yi aikinka a shago, ba wanda zai ji daga bakina. In ta tambaye ni, in ce yana cikin kwali tare da 'yan'uwansa."

Ya juya almakashin a hannu. Ya yi tunanin rigar malamin makaranta, da wani yadi mai ratsi da aka kawo jiya, wanda in ratsin bai haɗu a kafaɗa ba an ɓata shi.

"In na tafi da shi zan yanka. In na yanka, Gaggawa zai ga ban tsallaka ba, kafin la'asar duk layi ya ji. In layi ya ji, uwarta ta ji. In uwarta ta ji kuwa, an gama."

"Sai ka yi ta kai wa wani yana ɓata maka yadi?"

"Ba ya ɓatawa sosai. Kaɗan-kaɗan yake yi, yana da tausayi."

Ta yi murmushi ba da son ranta ba.

"Yadin nan naki yana da wani amfani?" ya tambaya.

"Na gwaji ne."

Ya miƙe ya jawo rabin farko. Ba alli, ba layi. Ya fitar da lanƙwasar hammata, sannan wuya, sannan kwala mai baki biyu, ya ɗora ɗaya a kan ɗaya, suka hau daidai. Ya jawo rabi na biyu ya fitar da hannun riga, aljihu, murfin aljihu. Da manyan suka ƙare ya bi gutsattsarin yana mayar da su tsiri-tsiri, har ba sauran abin da almakashi zai kama. Ya ɗauki kusan minti goma sha biyar. Wani mai gyaran waya daga shagon kusa ya leƙo don jin ƙarar mene ne, ya ga tsoho yana yanka yadi, ya koma.

Sannan ya sa babban yatsan hagu ya ɓalle mariƙin da kansa, ya ajiye a tebur. Mai inji ta rubuta lamba biyar a jikinsa da farin alƙalami, ta sa shi a kwalin da sauran huɗun suke. Ya naɗe almakashin a tsumma. Ya nemi tsintsiya, ta ce ya bari, ya ce wanda ya yanka shi ke shara. Ya share.

Yana kan mataki na shida da sauka, yana riƙe da ƙarfen bene, ta leƙo daga sama da waya a hannu.

"Baba! Ta turo saƙo."

Ya tsaya bai juyo duka ba. "Zane na shida ne?"

"A'a. Tambaya ce. Ta ce, kuna buɗewa ran Asabar?"

"Me kika ce?"

"Na ce muna buɗewa, har ƙarfe biyu."

"Ta saba tambayar haka?"

"Sau ɗaya ta taɓa, lokacin na biyu, don ta san ko zan buga a ranar." Ta sake duba wayar. "Amma wancan karon da fayil ɗin zane ta haɗo, yau kuwa tambayar ce kaɗai."

"Wace Asabar?"

"Ba ta faɗa ba. In tambaye ta?"

Wasu mutum biyu ɗauke da kwalin kaya suna son wucewa, ya manne da bango ya ba su hanya. Sai da suka kai sama ya amsa.

"Tambaye ta. Amma ki ce ke ce ke son sani."

Mai inji ta rubuta, ta tura. Ya jira a kan matakin minti biyar, sannan ya ce bas ɗin ƙarfe huɗu da rabi ba ya jira, ya sauka.

Wayar mai inji ta nuna Injiniya ta buɗe saƙon ƙarfe huɗu da minti tara. Zuwa ƙarfe shida, lokacin da mai inji ta kashe injina ta ja ƙofa, ba a turo fayil na shida ba, kuma ba a faɗi wace Asabar ba.